James Wan da Jordan Peele: Wanne Ya Fi Cancantar Kuɗin Mai Kallo da Darensa?

Na shafe makonni uku ina kallon fina-finai bakwai na ban tsoro, huɗu na James Wan, uku na Jordan Peele, kuma kowanne na kalle shi sau biyu: da farko a waya da abin sauraro a kunne, daga baya a talabijin bayan na kashe fitilar ɗaki. Abin da ya sa na ɗora wa kaina wannan aiki shi ne, duk wanda zai kashe kuɗinsa ko datarsa a kan irin waɗannan fina-finai, sunayen nan biyu ne zai fi cin karo da su, kuma sau da yawa akan jera su a layi ɗaya alhali kayan da suke sayarwa ba iri ɗaya ba ne.

An haifi James Wan a birnin Kuching na Malesiya a 1977, ya girma a Ostareliya, inda ya haɗu da abokin aikinsa Leigh Whannell. Fim ɗinsu na farko da ya yi suna, Saw, ya fito a 2004, an ɗauke shi cikin kwana 18 da kuɗin da bai wuce dala miliyan ɗaya da 'yan kai ba, ya kuma samar da fiye da dala miliyan 100. Ba zan daɗe a kansa ba, domin a wurina shi ne mafi rauni cikin huɗun. Mutum biyu ne aka ɗaure da sarƙa a wani ƙazamin banɗaki, kuma ko da yake ƙarshen labarin yana girgiza mutum, yawan girgiza kyamara da ganin jini sun nuna hannun matashin da bai gama sanin ƙarfinsa ba.

Inda Wan ya nuna cikakkiyar gwanintarsa shi ne The Conjuring na 2013. Labarin wasu iyali ne masu 'ya'ya mata biyar da suka tare a wani tsohon gida a Harrisville ta jihar Rhode Island a 1971. Tun ranar tarewar, kyamara take bin yaran daga ɗaki zuwa ɗaki ba tare da yankewa ba, har sai mai kallo ya haddace gidan: ga matakala, ga falo, ga ƙofar da ke kaiwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Wannan shiri ne na mai dabara, domin idan dare ya yi aka ji motsi, mai kallo ya riga ya san daga wace kusurwa yake fitowa da kuma nisanta da gadon yaran. Akwai wurin da aka ja ƙafar ɗaya daga cikin 'yan matan tana barci, ta tashi ta ƙura wa bayan ƙofa ido tana kuka, tana cewa ga mutum nan tsaye. Kyamara ta tsaya a kan wurin tsawon lokaci, kuma babu abin da ake gani sai duhu. Na ƙara hasken wayata har ƙarshe don in gano abin da aka ɓoye, ban ga kome ba, kuma duk da haka tsikar jikina ta tashi fiye da duk wuraren da aka nuna fuskar aljana a fili.

Haka kuma wasan ɓuya da yaran suke yi, inda ake ɗaure wa mai nema ido, masu ɓuya kuma su yi masa tafi don ya bi sautin. Wan ya fara nuna wasan da rana cikin raha, sannan ya dawo da shi da tsakar dare lokacin da uwar ta maƙale a saman matakalar ɗakin ƙasa, tana kunna ashana ɗaya bayan ɗaya. Hannaye biyu suka fito daga duhun da ke bayan kafaɗarta suka tafa. Ba a zubar da jini ba, ba a nuna dodo ba, amma duk wanda ya kalli wurin ba zai manta da shi ba. Gwanintarsa ta lissafin lokaci ce: ya san daƙiƙa nawa zuciya za ta iya jurewa tana jira, sai ya ƙara biyu a kai. A Insidious na 2010 ma ya yi irin wannan da rana tsaka, ana zaune a teburin cin abinci ana hira, sai ga jar fuska a bayan kan maigidan.

Sai dai aibinsa ma a bayyane yake. Da zarar fim ya kai kashi na ƙarshe, haƙurin nan yakan ƙare, a koma ihu da jifa da kujeru da kiɗa mai fasa kunne, kuma abin da aka ɓoye da kyau tun farko sai a fito da shi fili har kwarjininsa ya zube. The Conjuring 2 na 2016, wanda aka kai unguwar Enfield ta Landan, ya kai minti 134, kuma tsawon ya yi masa yawa. Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato iƙirarin cewa labarin gaskiya ne. Ed da Lorraine Warren, ma'auratan da suke binciken aljanu a fina-finan The Conjuring, mutane ne da suka rayu, amma an daɗe ana jayayya a kan abubuwan da suka ce sun gani. Matar da The Conjuring na farko ya mayar mayya, Bathsheba Sherman, ita ma ta rayu a yankin Harrisville, kuma tarihi bai tabbatar mata da maita ba. Duk wanda ya san yadda ƙazafin maita yake rusa gida a garuruwanmu ba zai ɗauki wannan da sauƙi ba.

Jordan Peele, wanda aka haifa a New York a 1979, ta wata ƙofa ya shigo. Ɗan wasan barkwanci ne da aka sani a shirin talabijin na Key & Peele daga 2012 zuwa 2015, shi ya sa mutane da yawa suka yi mamaki da ya fitar da Get Out a 2017. Dala miliyan huɗu da rabi aka kashe, ya samar da sama da miliyan 250, kuma a 2018 Peele ya zama baƙar fata na farko da ya ci kyautar Oscar ta rubutun labarin fim na asali. Furodusa Jason Blum yana da hannu a wannan fim da kuma Insidious, saboda haka dukansu biyu sun san makarantar yin aiki da kuɗi kaɗan.

A Get Out babu aljani kuma babu tsohon gida. Chris, matashi baƙar fata mai ɗaukar hoto, wanda Daniel Kaluuya ya fito a matsayinsa, ya je gaida iyayen budurwarsa farar fata, aka karɓe shi hannu bibbiyu. A cikin wannan karɓa tsoron yake. Uban yarinyar yana gaya masa cewa da zai yiwu da ya zaɓi Obama karo na uku, wata baƙuwa a wurin walima tana matsa damtsensa kamar mai duba rago a kasuwa, kowa yana yabonsa yabon da ya wuce kima. Da Chris ya hau bene, sai duk taron da ke ƙasa ya yi tsit a lokaci ɗaya, kowa ya ɗaga kai yana bin sawun takunsa. Sannan ga Georgina, mai aikin gidan, wadda ta zo ba shi haƙuri: bakinta yana murmushi, hawaye yana gangarowa, tana maimaita "a'a" kamar wani ne yake riƙe da harshenta. Ban taɓa ganin fuska ɗaya ta ɗauki mutum biyu haka ba. Makamin uwar gidan kuwa kofin shayi ne da cokali, da ƙararsu take kwantar da hankalin mutum har ya nutse cikin wani rami mai duhu, yana gani, yana ji, amma ba shi da iko da gaɓɓansa.

Kallo na biyu ne ya raba mini gardama tsakanin mutanen nan. Da na sake The Conjuring na san lokacin da hannayen za su tafa, sai na koma ina sha'awar aikin ba tare da faɗuwar gaba ba. Da na sake Get Out sai fim ɗin ya ƙara nauyi, domin kowace kalma mai daɗi da aka faɗa wa Chris ta sami ma'ana ta biyu. Wasan da aka yi a lambu cikin shiru, da hoton Chris a gaba, gwanjon mutum ne irin na zamanin cinikin bayi. Audugar da ya ciro daga kujerar da aka ɗaure shi a kai ya toshe kunnuwansa, ita ce amfanin gonar da aka bautar da kakannin baƙaƙen Amurka a kanta. Kuma a duniyar Wan kullum akwai magani: a kira masana, a karanta addu'ar coci, a ambaci sunan shaiɗanin, iyali su rungumi juna da safe. A duniyar Peele, lokacin da fitilar mota mai kama da ta 'yan sanda ta haska Chris a ƙarshe, gaban mai kallo faɗuwa yake yi maimakon ya sami sauƙi.

Wannan ba ya nufin Peele ba ya tuntuɓe. Us na 2019 yana da farko mai ƙarfi ƙwarai, inda wasu mutum huɗu cikin jajayen kaya suka tsaya a ƙofar gida riƙe da hannun juna, kuma kowannensu kamarsa ɗaya da wani a cikin iyalin. Lupita Nyong'o ta yi rawar gani a matsayi biyu, musamman da wannan murya tata mai kama da ta wanda aka shaƙe. Amma da aka zo bayanin asalin mutanen da ramukan ƙarƙashin ƙasa da zomaye, sai tambayoyi suka fi amsoshi yawa, kuma saƙon ya danne labarin. Nope na 2022, labarin masu horar da dawakai a Kalifoniya da gajimaren da ba ya motsi, aiki ne mai girma wanda aka ɗauka don babban allon silima. A waya kusan rabin darajarsa ɓacewa take yi, domin sararin samaniyar da ya kamata ya danne mutum bai fi tafin hannu ba.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafi masu kallo irinmu kai tsaye. Fim ɗin Wan ko ba a jin Turanci ana fahimtarsa, domin gida mai motsi da yarinyar da aka shiga jikinta labari ne da kowa ya taso yana ji, kuma sauti da duhu ne suke yin aikin. Abin da yake buƙata kawai shi ne abin sauraro mai kyau. Na Peele yana buƙatar a bi magana dalla-dalla, a kuma san wani abu game da tarihin wariyar launin fata a Amurka, in ba haka ba sa'ar farko ta Get Out za ta zama kamar ziyarar surukai ce kawai da ta yi tsawo. Babu ɗaya cikin bakwai ɗin da ya dace da yara, kuma Saw da Us sun fi sauran jini.

Wanda yake son a razana shi daren nan, tare da abokai, ya sayi The Conjuring na farko ya tsaya a kansa, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Wanda fim ɗaya kawai zai iya saya, ni dai Get Out zan miƙa masa. Da wurin ajiya ya cika a wayata na goge biyar, na bar waɗannan biyun, kuma tun daga lokacin Get Out kaɗai na sake buɗewa, a daidai wurin da Georgina take murmushi.