Batirin sola: tubular ko lithium, wanne ya kamata ka saya?

A cikin kayan sola, batiri ne ya fi cin kuɗi, kuma shi ne yake riga sauran mutuwa. Saboda haka kafin ka je kasuwa, zauna ka lissafa abin da gidanka yake ci da dare. Fanka uku masu wat 75 na awa goma, wat-awa 2,250 ke nan. Ƙwan fitila shida masu wat 10 na awa biyar, 300. Talabijin mai wat 80 na awa huɗu, 320. Ka ƙara firji, za ka kusa kilowat-awa uku da rabi, wato wat-awa 3,500.

Tubular, wato batirin da ake zuba wa ruwa, mai bolt 12 da am 200 yana ɗauke da kilowat-awa 2.4 a rubuce, amma rabin wannan ne naka. In kana zuƙe shi ƙasa da rabi kullum, farantan cikinsa sukan yi ƙanzo, ya daina riƙe caji. Inbata mai bolt 48 tana buƙatar guda huɗu a jere, su ba ka kusan kilowat-awa 4.8. Kowanne ya kai kilo sittin, yana son a riƙa duba ruwansa duk wata ɗaya ko biyu, kuma ruwan batiri tatacce kawai ake zuba masa, ban da na rijiya ko na leda. Yana fitar da iskar da take kama wuta lokacin caji, don haka ba a ajiye shi a ɗakin kwana. Zafi ma abokin gabarsa ne: duk ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan 25 yana rage masa kusan rabin kwanansa, ga shi a Kano ko Sakkwato bazara takan haura 40. Kada ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Lithium irin LiFePO4 mai bolt 51.2 da am 100 yana da kilowat-awa 5.12, kuma ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 nasa. Guda ɗaya ya ishi gidan da muka lissafa. Ba ya shan ruwa, yana cika da wuri, wanda yake da amfani in NEPA awa biyu kawai suke kawo wuta. Mai kyau yakan ninka tubular kwana sau biyu ko uku.

Matsalarsa jabu. Akwai masu cusa tsofaffin ƙwayoyin batiri a sabon akwati. Ka nemi takardar garanti, ka sa a haɗa shi da inbata a gabanka ka ga ko na'urar da take kula da cajinsa tana magana da ita, ka kuma tabbatar inbatarka tana da saitin lithium.

In kuɗin ya kai, lithium ne. In fanka biyu da fitilu ne kawai, kuma akwai mai kula da ruwa, tubular biyu da inbata mai bolt 24 sun wadatar. Kowanne ka zaɓa, fara sauya fankokin da masu cin wat 30 zuwa 35. Wannan kaɗai zai rage fiye da kilowat-awa ɗaya daga lissafin dare na gida mai fanka uku.