Farar ƙasa ko maganin feshi: wanne ya fi wa auduga?

Malam, ka tambaya ko fesa farar ƙasa zai iya maye gurbin maganin ƙwari a gonar auduga, tunda kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo. A ganina ba zai maye ba, amma zai rage maka yawan feshi, domin aikinsu ba ɗaya ba ne.

Magani irin su cypermethrin kashewa yake yi. Ka fesa da yamma, da safe ka tarar da tsutsa a ƙasa. Sai dai ba ya tambayar wane ne abokinka: da ƙudan zuma da ƙwarin da ke cinye darɓa, wato ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ruwan ganye, duk yana haɗawa. Kuma tun ƙarshen shekarun 1990 tsutsar ƙwallon auduga ta fara jure wa irin wannan magani a Afirka ta Yamma.

Ita farar ƙasa, wato kawolin irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara da Alkaleri, ba ta kisa. Idan ta bushe sai ganyen ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Malam-buɗe-littafin da ke zuwa saka ƙwai da dare ba ya jin daɗin sauka, ƙananan ƙwari kuma garin na manne musu a ƙafa da baki, su kasa ci sosai. Shi ya sa dole ta riga ƙwarin zuwa. Tsutsa in ta huda ƙwallo ta shige, farar ƙasa ba ta da abin yi mata.

Wajen wahala kuwa, farar ƙasa ta fi. Ana dama wajen giram 50 a kowace lita, wato giram 750 a tankin goyo mai lita 15. A jiƙa ta, a tace da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba yashi zai toshe bakin famfo. Kana tafiya kana girgiza tankin, don tana kwantawa. Kada a kuskura a sa farar ƙasar fenti (laim), ƙona ganye za ta yi. Ga ruwan Agusta: mamako ɗaya ya isa ya wanke ta, sabon tohon da ya fito bayan feshi kuma tsirara yake. A Amurka, inda aka inganta dabarar har ake sayar da ita da sunan Surround, an ga darɓa ta ƙaru a wasu gonakin audugar Texas da aka fesa, saboda haka a riƙa ɗaga ganye ana duba bayansa.

Da ni ne, zan ware 'yan kunyoyi in gwada, in fara tun kafin fure, in ajiye magani sai na ga tsutsa ta yi yawa. Da zarar ƙwallo ya fara tsagewa a dakatar da farar ƙasa, kada ƙura ta ɓata kaɗar ta faɗi a hannun masu saye a Funtuwa.