Fanka ko mukayyif sahrawi a warsha? Ga abin da na gani

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka tambaya wanne za ka saya wa warsha, wato shagon aikin hannu: fanka ko mukayyif sahrawi, na'urar nan mai sanyaya iska da ruwa. Tunda ka ce warshar taku a Riyad ta Saudiyya take, kuma rufin kwano ce, sayi mukayyif sahrawi kawai, ka bar maganar fanka.

Ni ma da fanka na fara, irin manyan nan masu ƙafa, guda biyu. Har yau ina jin zafin kuɗin. Aikinmu tagogi ne da ƙofofin alminiyam, to da an kunna ta sai ta kwashi ɓarɓashin da zarto ke zubarwa ta watsa wa mutane a ido. Ga shi a watan Yuli, zafin Riyad kan haura digiri 43, ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka. Fatar mutum wajen digiri 35 take, idan iskar ɗaki ta fi ta zafi, fanka wuta kawai take hura maka, kamar ka tsaya a bakin tanda. Da sanyin safiya ko a watan Maris tana da ɗan amfani, iyakarta ke nan. Ɗaya tana bayan sito yanzu, an rataya mata tsummoki.

Abin da ya sa na canja ra'ayi wani yaro ne da ke aiki da ni, mai hannu ne ƙwarai, ba ya kuskuren awo. A bazarar da muke fama da fankar nan, ranar wata Talata bayan la'asar, ya yanke sanduna shida duk sun gaza da santimita biyu. Na buɗe baki zan yi faɗa sai na kalle shi: gumi na ɗiga daga haɓarsa a kan tef ɗin awo, idonsa ja, ya ce tun azahar kansa ke sarawa. Na yi shiru. A makon ne kuma gilashi ya zame a hannun wani saboda gumi, Allah ya kiyaye bai sauka a ƙafarsa ba.

Da na sa sahrawi, cikin kwana biyu na ga bambanci. Rigingimun bayan azahar, waɗanda a da nake ɗauka rashin tarbiyya ne, suka ragu. Mai zuwa shan ruwa ya ɓace rabin awa ya daina. Shi wannan yaron har ja min kujera yake gaban na'urar in na shigo, wai "Baba, zauna ka ci kuɗinka."

Sirrinsa ba wani abu ba ne. Famfo na jiƙa ciyawar da ke jikinsa, iska ta ratsa ta, ruwan ya tashi da zafin. Shi ya sa yake son busasshen wuri irin Riyad, Ƙasim da Madina. Ƴan'uwa na Jidda, Dammam da Jizan, kada ku ce ni na sa ku: iskarku cike take da laima, sai dai ya ƙara muku danƙo a jiki. Kuma wutar da yake ci ba ta kama ƙafar ta mukayyif mai gas, wato AC, ba, wanda dama a warsha mai buɗaɗɗiyar ƙofa asarar kuɗi ne. Sai dai yana son kulawa. Ka bar masa ƙofa ko taga a ɗaya ɓangaren don iska ta fita, in ka rufe ko'ina wurin zai koma kamar banɗakin wanka. Gishirin ruwa yana toshe ciyawar, ni duk farkon bazara nake canja ta. A sa masa wayar ƙasa kuma, mai kare mutum daga jan lantarki, ruwa da lantarki ba abokan wasa ba ne.

Dokar nan ta Saudiyya ta hana aiki daga 12 na rana zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ta masu aiki a tsakar rana ce. Mu na cikin rumfa sai mu ji tausayin kanmu da na yaranmu, a ajiye ruwan sanyi kusa da hannu.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa: ka yi hankali da ƴan haraj, wato kasuwar kayan gwanjo. Sukan shafe tsatsar tankin ruwan na'urar da fenti, su ba ka mota, wato injin da ke juya fankar na'urar, da aka sake naɗa wayarta, su rantse sabuwa ce fil. Duba farantin jikin motar ka tabbata an rubuta 60Hz, don wutar ƙasar nan ke nan. Ka sa a zuba ruwa a kunna a gabanka na rabin awa, ka leƙa ƙasan tankin ko yana ɗiga, ka taɓa motar ka ji zafinta. Wanda ya ce babu fatura babu damani, wato babu rasit babu garanti, yi masa sallama ka wuce.

In warshar ta wuce tsawon motar hawa uku, biyu za ka saya, ɗaya a saitin masu yanka.