Takardar banki daga Jamus: na'ura, ƙamus ko mai fassara?

Ɗan kasuwar da ke sayo motoci daga Hamburg da ɗalibin da ya buɗe asusu a Jamus duk suna cin karo da abu guda: takardar Jamusanci cike da kalmomin da aka taƙaita zuwa 'yan haruffa, ga shi ana son ta da Turanci. Hanyoyi uku ne a gabanka.

Mafi arha ita ce na'ura, irin su Google Translate ko DeepL, wadda wani kamfanin birnin Kolon na Jamus ya fitar a 2017. Kan cikakkiyar jimla ba ta da laifi. Amma da ta iso kan harafi ɗaya tilo, sai ta bar shi yadda yake ko ta yi kame-kame. A takardar asusu, S a gefen adadi na nufin kuɗi sun fita, H kuma sun shigo. Ga kuma waƙafi: 1.250,00 a wurinsu Yuro dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ne, saɓanin tsarin Turanci. Nan ake yin asara.

Ƙamus na intanet kamar LEO da dict.cc kyauta ne, kuma sun wadatar in kai kaɗai za ka karanta. Za su gaya maka MwSt da USt harajin saye ne, kashi 19 cikin ɗari, ko kashi 7 kan wasu kaya kamar abinci. Matsalar ita ce zaɓi: AG na iya zama kamfanin hannun jari, ko mai ba da aiki, ko ƙaramar kotu. Ƙamus zai jero maka duka, ya bar ka da su.

In takardar za ta je ofishin jakadanci, banki ko kotu, ni dai ba na shawarar a yi tsimi. Nemi mai fassarar da kotun Jamus ta rantsar. Ana samun su a rumbun justiz-dolmetscher.de ko ta BDÜ, ƙungiyar masu fassara ta Jamus. Yawanci da layi suke caji, haruffa 55 kowane layi. Sai dai hatimin da irin wannan mai fassara ke bugawa kan takarda ba ya nuna mutum ya iya lissafin kuɗi, don haka gwada shi tukuna. Tambaye shi AfA da GuV. In bai ce maka ragin darajar kadara da lissafin riba da asara ba nan take, nemi wani.

Kafin ka biya kowa, tambayi bankin ko yana bayar da takardar da Turanci. Wasu suna yi. Tambayi ofishin da zai karɓa kuma ko lallai sai da hatimi.