Akwatin shanya da kafintan ƙauyenmu yake haɗawa

Mu mutanen yankin Kadawa da Garun Malam mun san yadda tumatir yake yi mana yawa daga Janairu zuwa Maris. Ruwan dam ɗin Tiga ya ba mu noman rani, amma ranar da kaya ya cika kasuwar Kwanar Gafan, abin da dillali ya faɗa shi ne farashi. Dole mu yanka mu yi kauɗa. Shanyar ce matsala. A ƙasa ake bazawa, ƙurar hunturu ta hau, ƙuda ya sauka, awaki su bi ta kai, kauɗa ta fito baƙa, ga yashi a miya.

Bana na sa wani kafinta a ƙauyenmu ya haɗa mini akwatin shanya. Ni na kai masa kayan, duk tsofaffi: katakon ƙofar da muka cire, gilashin taga, da fallen kwanon rufi. Fenti da ƙusa da ladan hannunsa kawai na biya, kuma kuɗin bai kai na kwandon tumatir ɗaya a damina ba.

Ya san aikinsa. Kwanon ya shafe shi da baƙin fenti ya shimfiɗa a ƙasan akwatin don ya sha rana. Iska tana shiga ta kafar ƙasa, ta ɗau zafi, ta ratsa ragar da aka jera tumatir, ta fice ta kafar sama da danshin. Gilashin ya karkata shi kudu, ya ce da ni, "Inna, a rani ta can rana take bi." Kauɗar da na kwashe ja ce jawur, da ƙamshinta, ba sai na yi ta wanki kafin na jiƙa ba. Ta kuma riga ta tabarma bushewa. Kuɓewa da tattasai ma sun yi kyau. Zogale kam sai na rufa ƙyalle a kan gilashin, in ba haka ba koɗewa yake yi.

Inda ya gaza, kafar sama ya yi ta ƙarama. Tumatir kusan kashi 95 cikin 100 ruwa ne, in ruwan bai sami hanyar fita ba sai gilashi ya yi gumi, kayan su shiga sulala maimakon bushewa. Na mayar masa ya faɗaɗa, bai karɓi ko sisi ba. Sannan ragar ƙarfe ya sa da farko, tsamin tumatir kuwa yana sa ta tsatsa. Na sa ya canza da ragar taga ta roba. Don Allah kada kowa ya yanko gidan sauron da ake rabawa a asibiti, akwai maganin ƙwari a jikinsa, ba na ɗora abinci ba ne.

Tururuwa ma sun gano akwatin, sai da na tsoma ƙafafunsa a gwangwanayen ruwa.

Ba ya ɗaukar cikakken kwando a shanya ɗaya, don haka mai babbar gona da yake son cika buhuna ba zai ishe shi ba. Amma matar da take son kayan miyar gidanta su kai ta damina, ko ta riƙa sayar da kauɗa mai tsabta a mudu, ta nemi kafinta ya yi mata. Ta dai tsaya a kansa ya buɗe kafar sama sosai, ya kuma rufe kafofin biyu da raga saboda ƙuda.