Linkin mai talla: a sake ko da nofollow?

Malam, kai da kake tambayar yadda za ka sa linkin wanda ya biya ka talla a shafinka na intanet, sa mishi nofollow kawai, wato alamar da ke gaya ma injin bincike irin Google cewa ba ka tsaya ma linkin ba, ko sponsored, alamar cewa talla ce, in plugin ɗinka (ƙaramar manhajar da ka ɗora ma shafin) na da wurin latsa shi, kar ka bar linkin mai tallan nan a sake ba alama.

Ni bara wani Alhaji mai shinkafa na Argungu ya ba ni talla a shafina na farashin kasuwa, na sa mishi sponsored, da farko har ya ɗaure fuska wai yaransa sun ce irin wanga linki ba shi da amfani. Na ce Alhaji masu saye kake nema ko Google? Duk wanda ya latsa shina isowa gare ka lafiya lau, injin bincike kaɗai aka gaya ma cewa talla ce, ba tsaya maka na yi ba. Sati biyu sai ga kira ana ta hayaniyar lodi bayansa, wai wani daga Gusau ya ɗauki buhu goma, ran Juma'a na dawo masallaci na iske rabin buhu a zaure. Har yau muna tare.

Abin da ya sa, Google na ɗaukar linki kamar shaida ce ka ba wancan shafin, da ita ake ɗaga shi sama a bincike, to da masu wayo suka fara watsa linki ko'ina don su hau, a 2005 aka fito da nofollow. Wikipedia ta Turanci ma tun 2007 ta sa shi kan linkin da ke fita waje. A 2019 aka ƙaro sponsored don linkin da aka biya kuɗi, da ugc don wanda baƙi suka liƙa da kansu.

Linkin da aka bari a sake kam to, ba laifi in shafin da ka yarda da shi ne kuma ba a ba ka ko sisi ba. Na taɓa sai da ɗaya ga wasu 'yan caca, gargaɗi ya biyo a Search Console, inda Google ke sanar da mai shafi halin da shafinsa ke ciki, kuɗin ba su kai wahalar cirewa ba.

Kuma ka kiyayi masu shigowa inbos da "bakilink ɗari biyar dofollow naira dubu biyar", wato wai za su sa maka linki a sake daga wasu shafuka zuwa naka, matattun shafuka ne suke zuba ka ciki, wasu ma da ka tura kuɗi sai bulok.