Wa za ka ba aikin harajinka, kuma wa zai biya idan aka yi kuskure?

Ko wane ne ya cike maka takardun haraji, ranar da lissafi ya karkace kai hukuma za ta nema. Lambar TIN, wato lambar shaidar mai biyan haraji, taka ce, kai ka sa hannu cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Cikon harajin da aka rage, da tara, da kuɗin ruwan da ya hau, duk a wuyanka suke. Tun da sababbin dokokin haraji suka fara aiki a Janairun 2026, hukumar tara haraji ta tarayyar Najeriya, FIRS, ta koma NRS, tarar rashin miƙa bayanai a kan lokaci naira 100,000 ce a watan farko, sai 50,000 duk watan da ya biyo. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, fara tambayar wa za ka iya riƙewa in ya jawo maka asara.

Idan harkarka ƙarama ce kuma ka iya kwamfuta, kana iya cikewa da kanka a shafin hukuma, kuskuren naka, gyaran naka. Yaron shagon intanet kuwa buga rubutu ya iya, bai san haraji ba.

Ni dai akanta mai rajista nake ba mutane shawara, ɗan ƙungiyar akantoci ta ICAN ko ANAN, ko kuma CITN, wato ƙungiyar ƙwararrun haraji da aka kafa a 1982. Yana da tsada, ban musa ba. Amma yana da ofis, da lambar zama mamba, da hatimin da yake tsoron a ƙwace, domin ƙungiyoyin nan suna da kwamitin ladabtarwa da za ka kai ƙara. Na kirki ba ya fara aiki sai ka kawo bayanan asusun banki da rasiɗan saye da sayarwa, ya zauna yana bin su layi-layi yana tambayarka wannan kuɗin daga ina ya shigo. Shi zai tuna maka cewa kamfani wata 6 yake da shi na miƙa bayanan haraji bayan rufe shekarar lissafi, na harajin kayan saye (VAT) kuma zuwa ranar 21 ga watan gaba. Ku rubuta yarjejeniya tun farko: in tara ta zo saboda sakacinsa shi zai biya, kuma shi zai amsa wasiƙar hukuma. Harajin kansa naka ne ko yaya, haka ma in kai ka ɓoye masa ciniki.

Sai 'yan ka-yi-na-yi da ke shawagi a bakin ofisoshin haraji. Alhaji, ka guje su! Da jaka a hammata za su tare ka, su ce suna da mutum a ciki, takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3 za ta fito gobe. Wani irinsu ya taɓa kawo mana takarda fes, da tambari da sa hannu. Sai da muka shiga neman kwangila aka duba lambarta, babu ita a rajistar hukuma. Kwangila ta wuce, kuɗin da ya karɓa bai shiga asusun gwamnati ba, wayarsa a kashe. Araha ba ta ado.

Alamominsu ba sa ɓuya. Yana faɗa maka abin da za ka biya tun bai ga littafinka ba. Yana son a tura kuɗin haraji asusunsa. Ba ya yarda sunansa ya fito a ko'ina. Wani ma yakan buɗe maka shafi da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ya riƙe kalmar sirri, duk saƙon hukuma wurinsa yake zuwa, kai ba ka da labari har tara ta taru. Akwai kuma masu aron hatimin wani, don haka ka karɓi lambar mamba ka tabbatar a wurin ƙungiyar. Kuɗin haraji kuwa, ko akantanka na shekara da shekaru ne, ka biya da kanka ta banki ko Remita, shafin biyan kuɗin gwamnati, ka adana rasiɗin.